Yadda Ake Taimaka wa Maƙwabta Masu Rauni a Lokacin Annoba

Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya a ranar 11 ga Maris, 2020, na ga mutane da dama sun tashi haiƙan domin taimakon maƙwabtansu, amma kafin mako na uku yawancinsu sun gaji sun watse, suka bar waɗanda suka fara dogara da su cikin tsaka mai wuya.

Da farko, ka tantance waɗanda suka fi buƙata: tsofaffin da suka haura shekara 60, masu ciwon suga ko hawan jini ko asma ko ciwon zuciya, masu juna biyu, da duk wanda ke zaune shi kaɗai. Kada ka ɗauki fiye da gida uku. Wanda ya ɗauki goma ba ya kai ko'ina.

Mataki na biyu shi ne tambaya, kuma a nan ni kaina na yi kuskuren da har yau yake damuna. Na yi kwanaki ina kai wa wani dattijo kayan abinci, kullum ina tambayarsa ko akwai abin da yake buƙata, kullum yana cewa babu komai, ashe maganin hawan jininsa ya ƙare tun kwana tara da suka wuce, nauyi ne ya hana shi faɗa domin yana ganin ɗawainiyar ta yi mini yawa. Tambaya mai faɗi ba ta haifar da komai sai godiya. Ka yi tambayar da amsarta lissafi ce, misali: "Baba, ƙwayoyin maganin nan saura na kwana nawa?" Ka roƙe shi ya nuna maka kwalin ta taga, ka ɗauki hotonsa da waya domin kada ka sayo mai suna iri ɗaya amma ƙarfinsa daban, sannan ka rubuta ranar da zai ƙare, ka sayo sabo saura mako guda. Idan allurar insulin ta ciwon suga yake yi, ka tambayi inda yake ajiye ta, domin zafi yana lalata ta.

Maganar kuɗi kuwa, a gama ta tun ranar farko, a san wane ne zai biya da kuma yadda zai biya, kuma ka riƙa haɗa rasit da kayan. Sayayya sau ɗaya a mako ta fi sauƙi, ta kuma rage maka shiga cunkoso.

Wajen kai kaya, ba a shiga ɗaki. Ka wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, ka sa takunkumi, ka ajiye kayan a bakin ƙofa, ka ƙwanƙwasa, ka ja da baya. A lokacin korona Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar tazarar mita ɗaya aƙalla, ni dai biyu nake bayarwa. Ranar da ka ji zazzaɓi ko tari, ka miƙa aikin ga wani, kuma ka tuna cewa korona takan ɗauki har kwana 14 kafin alamunta su bayyana, shi ya sa tun farko ya kamata ka tanadi mataimaki wanda maƙwabcin ya sani.

Ka tsayar da lokaci guda da za ka riƙa kiransa a waya kullum, domin idan bai ɗauka ba ka san da matsala. Idan ka ji numfashinsa yana sarƙewa, ko yana kukan ciwon ƙirji, ko maganarsa ta fara rikicewa, ka kira ma'aikatan lafiya nan take, sannan ka sanar da danginsa.