Yadda ake haɗa zanen bayanai kan littattafai da tarihi wanda mutane za su tsaya su karanta

Kusan duk wanda ya turo mini infogirafik ɗinsa na farko, wato zanen bayanai, don in duba, ciwo ɗaya ke damunsa. Ya karanta littafi mai shafi 300, ya ji daɗinsa, yana son kowa ya amfana, sai ya buɗe manhajar zane ta Canva ya ɗauko samfurin da ya fi ƙyalƙyali, ya kwaso babi goma sha biyu ya antaya su cikin hoto guda. Rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa, launi bakwai, kibiya nan kibiya can. Wanda aka tura wa zai sa yatsu biyu ya buɗa hoton, ya karanta layi biyu, ya gaji, ya danna alamar yabo ya wuce abinsa.

Ba zan ɓata lokaci kan yadda ake buɗe asusu ko jawo akwati a manhaja ba, rabin awa ya ishe ka ka gane wannan da kanka. Abin da ke kayar da mutane yana faruwa tun kafin su taɓa manhajar.

Mataki na farko: rubuta jimla ɗaya a takarda

Ɗauki biro ka rubuta abin da kake son mai kallo ya tashi da shi, cikin jimla guda. In ka ga kana buƙatar "kuma" har sau biyu, to zane biyu ne ko uku a hannunka, ka raba su. "Tarihin littafi" suna ne kawai, bai ce komai ba. "An daɗe ana buga littattafai a gabashin Asiya kafin Turai ta fara" jimla ce, ana iya zana ta, ana iya musa ta.

Manyan zane-zanen da har yau ake koyar da su duk haka suke. A 1869 wani injiniya ɗan Faransa, Charles Minard, ya zana tafiyar rundunar Napoleon zuwa Rasha a 1812. Layi ne mai kauri ya taso daga yamma da mutum 422,000, yana tafiya yana ramewa, ya isa Mosko da kimanin 100,000, sannan wani baƙin layi ya juyo yana sirancewa har ya dawo inda aka faro da mutum 10,000. Kowace milimita ta kaurin layin tana wakiltar mutum dubu goma. A ƙasa ya jera ma'aunin sanyin da suka sha a hanyar dawowa. Ko ba ka jin Faransanci, kana kallo ka san runduna ta narke. Ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ma a 1858 da'irori ta zana kan mace-macen sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya, ta ba cututtuka shuɗi, raunin fagen fama ja, sai shuɗin ya mamaye takardar. Maganarta ɗaya ce: ƙazantar asibiti da sansani ta fi harsashi kisa. Gani ya kori ji.

Mataki na biyu: tara bayanan, ka tace su

Dokata ita ce kowace shekara da kowane adadi sai na gan su a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Shafukan intanet goma da suka ɗauko daga wuri guda shaida ɗaya ce.

Tarihi yana da tarko na musamman, domin zane ba ya son "wataƙila". Akwati ƙarami ne, sai ka matsu ka rubuta "105: Cai Lun ya ƙirƙiro takarda". Alhali a Sin an tono guntayen takarda da suka girmi zamaninsa. Abin da ya tabbata shi ne a shekarar 105 ya gabatar wa fadar sarki ingantacciyar hanyar yin ta. Haka labarin da ya shahara cewa fursunonin yaƙin Talas na 751 ne suka koya wa Musulmi yin takarda a Samarƙand, masana tarihi suna jayayya a kansa. Irin wannan ko ka sa masa "an ruwaito", ko ka bar shi waje. Kalmar "kimanin" ba ta cin wuri, kada ka ji kunyar sa ta.

In kana haɗa shekarun Hijira da na Miladiyya, ka zaɓi ɗaya ta zama ma'auni, ɗayar ta biyo a gefe da ƙaramin rubutu. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka shekara ɗaya ta Hijira galibi tana ratsa biyu na Miladiyya. Masu ƙara 622 a kan shekarar Hijira su ce sun sami ta Miladiyya suna kauce wa daidai da kusan shekara uku a kowane ƙarni.

In littafi kake taƙaitawa, rubuta lambar shafi kusa da kowane batu a takardar aikinka, ko da ba za ta fito a zanen ba. Ran da wani ya ce marubucin bai faɗi haka ba, za ka gode wa kanka.

Mataki na uku: zaɓi siffar da ta dace da jimlarka

Abin da ya faru bi da bi, layin shekaru. Kwatanta yawa, sanduna. Tafiya ko yaɗuwar wani abu, taswira. Dangantakar malamai da almajirai ko taurarin labari, bishiya mai rassa. Da'irar nan da ake yankawa kashi-kashi ni ba na amfani da ita in kason ya wuce huɗu, ido ba ya iya bambance kashi 18 da kashi 21 a cikinta. Ka fara zana siffar da fensir a takarda. In ba ta fito da ma'ana da fensir ba, launi ba zai cece ta ba.

Mataki na huɗu: awo

A nan na sha ƙasa, don haka a nan zan daɗe.

Zanena na farko da ya yaɗu kan tarihin littafi ne, da tashoshi biyar. Shekarar 105, Cai Lun da takarda. Shekarar 868, wani littafin addinin Buddha da aka buga a Sin da sassaƙaƙƙen katako, wanda shi ne bugaggen littafi mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata da ya iso gare mu cikakke, yana ajiye a Landan. Shekarar 1377, littafin Jikji na Koriya, da aka buga da haruffan ƙarfe masu cirewa. Kimanin 1455, Baibul ɗin da Gutenberg ya buga a garin Mainz na Jamus. Sai 1971, lokacin da Michael Hart a Amurka ya fara shirin sa littattafai a kwamfuta kyauta.

Samfurin da na ɗauko yana da ɗigo biyar a jere, tazararsu ɗaya. Na cika su, ya yi kyau, na saki. Kwana biyu sai wani malamin tarihi ya aiko mini da tambaya cikin ladabi: shin tsakanin Koriya da Gutenberg daidai yake da tsakanin Cai Lun da bugun 868? Na koma na yi lissafi. Tazara ta farko shekara 763 ce, ta biyu 509, ta uku 78 kacal, ta huɗu 516. Duk shekarun da na rubuta daidai suke, amma layin ya yi ƙarya. Abin da ya fi ba ni haushi, ƙaryar ta binne ainihin abin sha'awar, wato yadda aka yi ƙarnoni ana tafiyar hawainiya, sannan littattafai biyu masu haruffan ƙarfe daga ƙasashe masu nisa da juna suka biyo juna cikin abin da bai kai shekara tamanin ba.

Ga yadda nake yi yanzu. A ce tsayin zanen fiksel 1350 ne. Ware sama don kanu, ƙasa don majiya, ka bar 1140 don layin. Daga shekara ta 100 zuwa 2000 ƙarni 19 ne, kowane ƙarni ya sami fiksel 60 ke nan. Sai ka cire 100 daga kowace shekara ka ninka da 0.6. Shekarar 868 za ta sauka a 461, 1377 a 766, 1455 a 813, 1971 a 1123. Yawancin manhajoji suna da wurin rubuta matsayin abu da lamba, ka yi amfani da shi, kada ka riƙa ja da yatsa kana kintace.

Za ka ga 1377 da 1455 sun matse, fiksel 47 ne tsakaninsu, rubutu ba zai shiga ba. Nan ne shaiɗan ke raɗa maka ka ɗan buɗa su. Kada ka taɓa ɗigon. Tura bayanin ɗaya dama, ɗayan hagu, ko ka ja siririn layi daga ɗigon zuwa inda fili yake. Matsewar ita ce labarin. In kuma tazara ta yi tsawon da ba za ta shiga ba, kamar ka haɗa rubutun Sumer na sama da shekara dubu biyar da suka wuce da zamanin intanet, to ka karya layin da alama bayyananna, ka rubuta cewa an tsallake ƙarnoni.

Sanduna ma suna da irin wannan ha'inci. A ce aji ɗaya ɗalibai 80 suka ci jarrabawa, ɗayan 90. In ka faro ma'aunin daga 70, sandar farko za ta tashi taku 10, ta biyu taku 20, mai kallo ya ɗauka an ninka. Sanda daga sifiri take farawa, babu tattaunawa. Sannan masu son sa hoton littafi ƙarami da babba don nuna an ninka adadi: in ka ninka tsayi da faɗi duka, girman ya zama ninki huɗu a ido. Gara ka jera littattafai biyu masu girma ɗaya kusa da guda ɗaya.

Na gyara wancan zanen na sake saki, amma magana zarar bunu ce. Har bayan watanni tsohon ne ke dawo mini ta hannun mutanen da ba su san ni na yi shi ba. Rubutu a shafi kana iya shiga ka gyara, hoto kuwa da zarar ya sauka a wayoyin mutane ya fita hannunka. Tun daga nan nake sa kwanan wata a ƙasan kowane zane, don a iya gane sabo da tsoho.

Mataki na biyar: haruffa da launi

Kafin ka ƙaunaci wani salon haruffa, rubuta "ɓarawo, ɗaki, ƙasa, 'ya'ya" da shi, manya da ƙanana. Da yawa daga masu kyan gani ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai su fito da akwati babu komai a ciki, ko manhajar ta aro harafin daga wani salon ya tsaya a tsakiyar kalma kamar bare. Noto Sans na Google yana da su, haka Andika da Charis na SIL, kuma duk kyauta ne. Wasu sukan haƙura su rubuta k a madadin ƙ. A zanen ilimi ban yarda da wannan ba, "kasa" da "ƙasa" ba abu ɗaya ba ne.

Salon haruffa biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na bayani. Launi uku: na bango, na rubutu, da guda mai ƙarfi da za ka ɓoye sai wurin da jimlarka take. Kada ka dogara da ja da kore kaɗai wajen bambance abubuwa, su ne launukan da masu matsalar ganin launi suka fi rikitawa. Kanun kuma ya zama jimlar nan taka ta mataki na farko, a gajarce.

Maganar kuɗi: ban ga dalilin biyan na wata-wata ba tun kana koyo. PowerPoint ko Google Slides suna yin duk abin da na lissafa, ka canja girman shafin kawai. Shafin intanet na Datawrapper yana fitar da sanduna da taswira masu awo daidai ba tare da ka yi lissafi ba.

Mataki na shida: hotuna, majiya, fitarwa

Hoton da ka gani a Google yana da mai shi. Rumbun hotuna na Wikimedia Commons na nuna lasisin kowane hoto a ƙarƙashinsa, ka karanta, ka rubuta sunan mai ɗauka in an buƙata. Kada ka sa hoton da manhajar ƙirƙira ta zana maka a matsayin fuskar wani mutumin tarihi, yara za su haddace ta a matsayin gaskiya. A ƙasan zanen rubuta sunan littafin da marubucinsa da shekarar bugu, da sunanka, a cikin hoton kansa, domin bayanin da ka rubuta a waje ba ya bin hoton in an tura shi gaba.

Fitar da shi a PNG, ya fi JPG riƙe kaifin rubutu. Faɗi 1080 da tsayi 1350 ya dace da Instagram da Facebook, 1080 da 1920 na sitatus ne. In bayanin ya yi yawa, raba shi shafi biyar ko shida da ake ja gefe, kowanne da batu ɗaya. WhatsApp yana matse hoto ya dusashe ƙananan haruffa, don haka ka tura wa kanka tukuna, ka buɗe a ƙaramar waya, ka riƙe ta nesa da fuska kamar yadda aka saba. Abin da bai karantu ba sai an buɗa, ko ka ƙara masa girma ko ka goge shi. Malamin da zai buga a takarda ya manna a aji kuwa, tura masa PDF, kuma ka gwada bugawa baƙi da fari ka ga ko sandunan suna bambanta.