Yadda ake buga wasan ches a gasar ƙungiyoyi

A gasar ƙungiyoyi irin Olimfiyad ta FIDE, hukumar ches ta duniya, 'yan wasa huɗu ne ke zama daga kowane ɓangare. Ƙungiyar da ta samu fararen 'ya'ya a allo na 1 da na 3, baƙaƙe za ta riƙe a na 2 da na 4. Cin wasa a allo maki 1 ne, canjaras rabi, don haka duk wadda ta tara maki 2.5 cikin huɗu ita ta ci karawar, a rubuta mata maki 2 a teburin gasa, idan kuma aka tashi 2-2 kowace ta samu 1. Wannan lissafi shi ya kamata ya jagoranci wasanka, ya sha gaban makinka na Elo, wato lambar da ke auna ƙarfin ɗan wasa.

Kafin ka zauna, ajiye waya a waje. Idan aka same ta a jikinka, an cinye ka ko da a kashe take.

A Olimfiyad, lokaci shi ne minti 90 na motsi 40 na farko, sai ƙarin minti 30, da daƙiƙa 30 a kan kowane motsi. Saboda wannan ƙarin daƙiƙa 30, dole ka rubuta kowane motsi har ƙarshe, komai ƙurewar agogo. Tsakanin motsi na 30 da na 40 akan yi asara, don mutum ya ƙona lokacinsa tun a buɗin wasa. Yi ƙoƙari ka isa motsi na 25 da aƙalla minti 30 a hannu.

Idan abokin karawarka yana tunani, leƙa sauran alluna uku, amma kada ka yi wa kowa magana. In biyu daga cikin naku sun ci, canjaras ɗinka ya wadatar: musanya sarauniya, rufe wasan, bar kwaɗayin sojan da zai buɗe sarkinka. In kuwa kuna baya da maki ɗaya kuma kai kaɗai ka rage, kunnen doki da faɗuwa duk rasa karawar ne ga ƙungiya, sai ka riƙe 'ya'yanka a allo ka nemi rikici. Nan ne masu tsoron zubar Elo ke cutar da 'yan'uwansu.

Wasu gasannin suna barin kyaftin ya ce ka karɓi canjaras ko ka ƙi, ba tare da ya taɓo matsayin wasan ba. Karanta dokar gasarku tun kafin zagayen farko.

Idan motsinka zai maimaita matsayi karo na uku, kana da damar neman canjaras; in kana so, kada ka buga shi. Rubuta shi a takarda, tsayar da agogo, ka kira alƙali. Da zarar ka taɓa ɗaya daga cikin 'ya'yan da ke allo, damar neman canjaras a wannan motsin ta wuce.