Ciwon gefen ƙafa ga masu gudu: kurakuran da muka fi yi

Mu da ke fita gudu a bakin tekun Jidda bayan sallar asuba, kafin rana ta fara nuna halinta, kusan kowa ya taɓa jin wannan ciwon: gefen ƙafa na waje, daga ƙasan idon sawu zuwa gindin ƙaramin yatsa. Kuma kusan kowa suna ɗaya yake ba shi, wai targaɗe. Daga nan ɓarnar take farawa.

Wurin ɗan mitsitsi ne, amma kaya sun cunkushe a ciki. Shafa gefen ƙafarka da hannu, wajen tsakiya za ka ji wani ɗan tudu. Wannan shi ne gindin dogon ƙashin da ke ɗauke da ƙaramin yatsa. Jijiyoyi biyu ne suke saukowa daga gefen ƙwauri, su zagaya ta bayan idon sawu, ɗaya ta manne a wannan tudun, ɗayar ta kurɗa ƙarƙashin tafin ƙafa. Kowanne a cikinsu da irin ciwonsa, kowanne da irin maganinsa. Don haka kafin ka shafa komai, nemi ciwon da yatsa ɗaya. In yana bin jijiya ne, ka ji shi a miƙe daga bayan idon sawu, yana ƙaruwa idan ka tura ƙafar waje wani yana tare ta, sau da yawa kuma ya ɗan lafa in jiki ya yi ɗumi, to galibi jijiyar ce ta gaji. In kuwa ka ɗora yatsa a kan ƙashi ka zabura, wuri ɗaya tak, kuma kullum gudu ƙara shi yake yi, wannan maganar ƙashi ce.

A nan ne wani ƙanena ya ci tuwon wahala. Yana shirin tseren Riyad, wanda aka fara a 2022, ya yi niyyar kilomita 21, sai ya ninka tafiyarsa cikin 'yan makonni. Da ciwo ya zo na ce ya je a ɗauki hoto. "Haba Yaya, targaɗe ne fa, a ja a murza shi ke nan." Aka kai shi wajen wani mai ɗori, aka ja, aka murza da man zafi yana cije leɓe. Kwana uku bayan haka ya tafi Makka umara, ya yi ɗawafi da sa'ayi ba takalmi a kan marmara, alhali sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ga kuma kekunan turawa nan don masu lalura. Da ya zauna tahiyya a kan ƙafar hagu, hawaye ne suka zubo masa. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage.

Ba na raina masu ɗori, gadon gida ne. Amma ƙashin da ya tsage ba ya son ja. Wannan ƙashin kuma yana da wani mugun wuri, gaba kaɗan da tudun, inda jini ba ya isa sosai, shi ya sa ɗinkewarsa ke da nawa. Karayar wurin da sunan wani likitan Birtaniya ake kiranta, Robert Jones, wanda ya bayyana ta a 1902 bayan shi kansa ya karye a wajen rawa. Maganinta ko dai a saka siminti a hana taka ƙafar mako shida zuwa takwas, ko a yi aiki a ɗaure da ƙusa, musamman ga 'yan wasa. Wanda ya ci gaba da gudu a kan tsagewa, shi yake mayar da ita cikakkiyar karaya da ƙafarsa.

Akwai ƙa'idar da likitocin Ottawa a Kanada suka fitar, mai sauƙin riƙewa: bayan gurɗewa, in danna tudun nan yana zafi, ko mutum ya kasa taku huɗu, a ɗauki hoto. Sai dai ga wani tarkon. Tsagewar da gudu ke jawowa a hankali sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko, sai bayan mako biyu ko uku. Mutum ya dawo yana murna an ce ba komai, gobe ya ɗaura takalmi. In ƙashin yana nan yana zafi, koma a sake hoton ko a yi na MRI, na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, kafin nan kuma ka riƙe ƙafar kamar mai karaya.

Sai ƙwaya. A leƙa saidaliyya, wato kantin magani, a karɓo maganin ciwo irin su Voltaren ko Brufen, a haɗiya, a fita gudu. Ciwo ɗan aike ne, ka toshe masa baki ne kawai. Ga zafin ƙasar nan, ga gumi, wani ma da azumi a bakinsa, kuma irin waɗannan magungunan ba sa shiri da ƙoda idan jiki ba ruwa. Ƙanƙara a cikin tsumma minti goma sha biyar ta fi aminci a kwanakin farko.

Masu ciwon jijiya kuma nasu kuskuren ta ɗaya gefen yake. Sai su kwanta wata guda cur, ciwo ya lafa, su koma daidai inda suka tsaya, ya dawo. Jijiya ba hutu kaɗai take so ba, aiki take so daidai ƙarfinta. Rage gudun, ka maye da keke ko ninƙaya. Riƙe bango ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa a hankali, ka tura gefen ƙafa a jikin robar motsa jiki, ka koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya kana goge baki. Makonni ake ɗauka, wani lokacin watanni. Ranar da ka iya tafiya da tsalle da ƙafa ɗaya ba ciwo, fara da sassarfa kana haɗawa da tafiya.

Kifa takalminka ka duba. In gefen waje ya cinye tun daga dunduniya har gaba, nauyinka can yake sauka, abin da aka fi gani ga masu tafin ƙafa mai zurfi. Irin waɗannan kada su sayi takalmi mai tudu ta ciki, ƙara tura su waje zai yi. Takalmin gudu kuma yana mutuwa tsakanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na ƙyalli. Haka gefen titi, a karkace yake. Mai bin hannu ɗaya kullum ƙafa ɗaya yake wahalarwa.

Abu na ƙarshe da ba a kawo shi a rai: duk da hasken ranar da ke ƙasar nan, ƙarancin sinadarin bitamin D, wanda jiki ke samu daga rana kuma ƙashi ke buƙata, ya yi yawa, don daga ɗaki mai sanyi sai mota muke. Wanda ƙashinsa ya tsage ba tare da faɗuwa ba, ya nemi a gwada jininsa. Mai ciwon suga kuwa, ko wanda ke jin gefen ƙafar na dindiris ko raɗaɗi kamar wuta, kada ya tsaya gwaji da yatsa, asibiti zai nufa kai tsaye.