Kayan jariri: kurakuran da muke ta maimaitawa

Watan jiya na raka ƙanwata haihuwa a nan Tawa, wajen ƙarfe biyu na dare. Da unguwarzoma ta ce a miƙo zane, sai muka buɗe jaka: ga ɗan takalmi mai walƙiya, ga hoda gwangwani biyu, ga turare, amma zanen da za a tsane yaro babu ko ɗaya. Mayafina na cire na ba ta. Alhali a gida an riga an ɗinka anko, ragon suna ma yana ɗaure.

Babban kuskurenmu ke nan: kuɗi su ƙare a kan abin da mutane za su gani ranar bakwai, daren farko kuwa a bar shi ba shiri. Wasu kuma kunya ko camfi ke hana su saye, wai ba a yi wa ɗan cikin ciki kaya. To, in ke ba za ki iya ba, ki ba yayarki ko gwaggo ta haɗa ta ajiye a ɗakinta. Ciki na shiga wata takwas jaka ta zama a ɗaure: tsofaffin zannuwan auduga biyar ko shida, wankakku da suka sha rana, hula, safa, riguna uku, sabulu marar ƙamshi, ƙunzugun mai jego, da takardar awon ciki. Maigida kuma ya ware kuɗin mota da lambar direban da zai ɗauki waya tsakar dare. Gaskiya ne tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma wani lokaci magani kan yanke, sai an sayo a farmasi.

Sai tufafi. Ana kwaso ƙananan riguna dozin biyu, duk girma ɗaya, a manta cewa jaririn da aka haifa da kilo 3 yakan ninka nauyinsa wajen wata 5. Sayi kaɗan na yanzu, sauran su ɗara. A kuma dubi lokaci: wanda zai zo a Afrilu ko Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ba ruwansa da rigar leda da bargo mai gashi, ƙuraje kawai za su feso masa. Ɗan Disamba shi ke son hula da safa, don sanyin hunturun Adar ba ya raga wa jinjiri. Kayan gwanjo ba laifi, har sun fi sabbi laushi, a dai wanke su a shanya.

Cibiya ce ta fi damuna. Na ga an zuba mata toka, na ga man goge haƙori, na ga ana gasa ta da tsingaro mai zafi ana ɗiga mai. Cibiya rauni ce a buɗe, ta nan tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki, da sauran cututtuka ke shiga jiki. Abin da za a tanada shi ne maganin nan klorheksidin na cibiya, in ma'aikatan lafiya sun rubuta, da wanke hannu kafin a taɓa. A naɗe famfas ko tsumma ƙasa da ita don ta sha iska. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta faɗi da kanta. In ta yi ja, ko tana wari, ko tana fitar da mugunya, a kai jaririn gidan likita a ranar, ko da Inna ta ce mu ma haka aka yi mana. Ki faɗa mata da ladabi, amma ki kai shi.

Hoda, turare da kwalli a bar su a kanti. Hoda na shiga huhu, wani kwallin kuma akwai dalma a cikinsa. Man kaɗanya mai tsabta ya wadatar. Wankan farko ma a jinkirta shi awa 24, jikin uwa ya fi kowane bargo ɗumi.

Kwalbar ba yaro madara da garin madara na gwangwani ba sa cikin kayan farko, sai in likita ya ce. Dakashin nan mai rawaya da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin yaro na fari. Nono kaɗai har wata 6, ba ruwa ko a tsakiyar bazara, ba zuma sam kafin shekara.

Abin da aka fi mantawa kuwa sange ne, wato gidan sauro. Ana ba masu ciki shi wurin awo, sai ki iske shi cikin ledarsa a ƙarƙashin gado, ko an rufe shuka da shi. A rataye shi tun kafin naƙuda, balle in haihuwar ta faɗo a damina. Kafin a baro gidan haihuwa kuma a tambayi allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna, a karɓi katin rigakafi, a sa shi cikin leda saboda jiƙa. Ranar komawa tana rubuce a ciki: mako 6.