Yadda za ka zaɓi abin da za ka sayar ta intanet

Matasa da yawa a Gusau da Birnin Kebbi sun iya abin da mutane za su biya su koya: haɗa turaren wuta, rainon irin shinkafa, gyaran waya, lissafin JAMB. Wajen zaɓen siffar da za a sayar da ilimin ne ake tuntuɓe. Kusan kowa da dogon bidiyo yake farawa, ya ari kyamara, ya sha wahalar ɗauka, ya ɗora, shiru kake ji.

Da farko ajiye abin da kake sha'awa, ka dubi wayar mai saye. Baiwar Allah da ke son koyon turare a Jega, ƙaramar Itel ce ko Tecno a hannunta, hotunan biki sun cika ta, datar kwana ɗaya take saye. Bidiyon awa guda ba zai sauka ba, in ya sauka ma ba wurin ajiye shi. Ga matsalar sabis, wadda mutanen Zamfara suka fi kowa sani tun rufe layukan waya na Satumban 2021. Don haka aji kai tsaye ta manhajar taron bidiyo ta Zoom, ni ban yarda sabon shiga ya taɓa shi ba. Na kyautar ma minti 40 yake yankewa.

Na biyu, tambayi kanka: abin nan sai an gani, ko ji ya wadatar? Ɗinki da gyaran waya sai ido, to yanka su gajeru, minti biyu ko uku. Noma, kiwo, dabarun kasuwanci kuwa, saƙon murya da hotuna a rukunin WhatsApp ya fi komai. Mutanenmu sun saba da rediyo, wanda karatun boko ke ba wuya ma zai saurara yana kan aikinsa. Kuma ba ka kashe ko sisi ban da data.

Littafin PDF ya fi sauƙin haɗawa, a manhajar zane ta Canva ma za ka gama shi, amma mutum ɗaya zai saya ya tura wa dangi kaf. Ka yi shi ne kawai in ɗalibai kake nufi, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, ka sa farashi ƙasa. A ajin WhatsApp kuwa, damar yi maka tambaya ka amsa ba mai iya tura ta.

Na uku, kada ka haɗa komai sai an biya. Sanar a status cewa aji zai fara ranar kaza, kuɗinsa kaza. Mutum biyar suka turo, fara. Ba wanda ya turo, canza siffar ko batun. “Allah ya sa albarka” da ake rubuto maka ba ciniki ba ne.

Karɓar kuɗi, lambar OPay ko Moniepoint ta isa. Selar, shafin intanet da ke karɓar maka kuɗi ya miƙa wa mai saye kayan, sai masu saye sun yi yawa har tantance rasit ya fara cinye maka yini.