Dawowa daga hutun Disamba: kurakuran da mu malaman firamare muke ta maimaitawa

A dawo hutun zangon farko a watan Janairu, hazo ya rufe gari, yara su shigo aji leɓe duk ya tsage, hannuwa cikin riga, mu kuma malamai mu ɗauko sikim, wato jadawalin darussan zango, mu ɗora daga inda aka tsaya kamar jiya aka rabu. Ni aji uku nake riƙewa, kuma duk abin da zan faɗa a nan na taɓa yin sa da kaina, ba wai gori nake wa kowa ba.

Wannan ɗorawa daga sikim ɗin ita ce babbar matsala. Akwai wani yaro a ajina, a Disamba yana karanta gajeriyar jimla tiryan-tiryan, da aka dawo na rubuta masa "ɗaki" ya ce "baki", na rubuta "ɓera" ya yi tsuru-tsuru yana kallona. Sati uku kacal fa. Kuma ba daƙiƙi ba ne, kawai dai a gidansu babu wanda ya buɗe littafi da shi, ga b da d da ɗ da ɓ dama can rikita yara suke yi. Abin da ya daɗe yana yaudarata shi ne karatun taro, ka nuna allo aji gaba ɗaya ya ɗauka da ƙarfi, ka ji daɗi ka ce ai sun iya, alhali yara biyar ne a gaba suke ja, sauran amshi kawai suke. Yanzu a kwana biyun farko ɗaya bayan ɗaya nake kiran su, minti biyu kowa. Haruffa a hargitse, ba a jere ba, don wanda ya haddace a b c ba zai ɓoye ba. Wanda ya wuce haruffa in ba shi kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari, inda ya tsaya nan ne matakinsa. Ba ni na ƙirƙiro ba, tsarin TaRL ne da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, an kuma yi amfani da shi a Borno da wasu jihohinmu, wato a raba yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajin da aka rubuta sunansu ba. Sai ka ware awa ɗaya kullum na sati biyu, 'yan haruffa a wannan kusurwa, 'yan kalmomi a waccan, masu karanta labari kuma ka sa su taya ka. Eh na sani, wani ajin yara tamanin ne ko fiye. To ka yi ashirin-ashirin a rana, sauran suna zane. Ya fi ka yi wata uku kana koyar da bango.

Sai batun satin shara. Mun mayar da shi kamar doka, satin farko ba karatu, sai tsintsiya da ƙona ciyawa da jiran a kawo alli, iyaye ma sun gane shi ya sa ba sa turo yara sai sati na biyu, mu kuma mu ce ai yara ba su zo ba bari mu jira, kowa na jiran kowa. Alhali zango na biyu a 'yan shekarun nan ba shi da tsawo don azumi na faɗowa cikinsa, a 2025 ma jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi rufe makarantu suka yi saboda Ramadan. Rabin awa ta ishi shara, a yayyafa ruwa kafin a fara don ƙurar hunturu ba ta da kyau ga masu tari da asma, daga nan a shiga aji ko yara goma ne suka zo. Su goman nan su ne za su kai labari unguwa cewa Malam ya fara karatu. Wanda ya kwana uku bai leƙo ba, ka tura maƙwabcinsa, in ya ci tura ka sanar da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen unguwa mai kula da makaranta.

Dukan makara a lokacin sanyi kuwa, Allah ya yafe mana. Yaro ya tashi da asuba ya je makarantar allo, ya dawo ya ɗebo ruwa, ya jira a dama koko, ya iso takwas saura, ka tare shi a bakin ƙofa da bulala a tafin hannun da ya riga ya ƙandare. Gobe in ya ga ya makara sai ya zarce bayan kasuwa. Ga asambili mai tsawo a cikin iska, hedimasta na ta jawabi yara na karkarwa. A taƙaita. Kuma kar ka fara da rubutu da sassafe, yatsun ba sa riƙe fensir, za ka ga rubutu kamar tafiyar kaza ka ɗauka lalaci ne. Ka fara da na baki, waƙar lissafi, tafi, tsalle, ƙirga da ƙafa, rubutu ya bari sai bayan an dawo tara. In kun rufe tagogi saboda iska aji ya yi duhu na baya ba sa ganin allo, gara ku fita ku zauna jikin bangon da rana ke duka.

Akwai kuma insha'in nan na "Yadda na yi hutuna". Ni na daina ba da shi haka tsurarsa tun ranar da wata yarinya ta miƙo min takarda babu komai, na matsa mata ta ce, "Malam ni ban je ko'ina ba, talla na yi." Yaran da aka kai Abuja ko Kaduna su cika shafi, ita ta ji kamar ba ta da abin faɗa. Da na ce to me kika sayar, nawa-nawa, nan take baki ya buɗe, gyaɗa ce, ta san kuɗin ƙulli, ta san canji, ta san ranar da ta yi kwantai. A kanta take yin lissafin da in na rubuta shi a allo sai ta ce ba ta iya ba. Yanzu tambayar da nake yi ita ce wane aiki ka taya a gida, su faɗa da baki tukuna, in rubuta jimla biyu-uku daga bakinsu a allo, mu karanta tare, sannan kowa ya rubuta nasa.

Aikin hutu kuma, in ka san ba za ka duba ba kar ka bayar. Sau ɗaya yaro zai ga an tara littattafai a kan tebur ƙura ta rufe su, ya gama ganewa.

A lissafi, abin da ya fi saurin zubewa a hutu shi ne ɗebewa mai aro, irin 52 a cire 27. Kuskurenmu mu sake rera musu "biyu ba za ta iya ba sai ta aro" su haddace ba su san me aka aro ba. Wannan lokaci ne da kara ke ko'ina tunda an gama girbi, ka sa kowa ya zo da guntayen karan dawa ko tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da kyauro. Dami biyar da tsinke biyu, a cire bakwai, ba zai yiwu ba sai an kwance dami ɗaya, yaro ya kwance da hannunsa ya ga sun zama goma sha biyu, dami huɗu ya rage. Marafan kwalbar lemo ma suna yi. Sai dai ka tanadi gwangwani ko tsohon kwali ka riƙa karɓewa kafin a tashi, in ba haka ba zuwa Laraba rabin kyauron ya koma danƙon harbin tsuntsu.