Yadda za ka ci shinkafa da bushiyar teku a Hokkaido ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba

Duk baƙon da ya zo min Sapporo, babban birnin Hokkaido a arewacin Japan, lokacin zafi sai na kai shi ya ci uni-don, kuma kusan kowa tambaya ɗaya yake yi, wai mene ne wannan abu mai kalar kabewa da aka shimfiɗa kan shinkafa har ake biyan uban kuɗi haka. To uni dai bushiyar teku ce, wata halitta kamar ƙwallo jikinta duk ƙaya, in an fasa ta 'yan tsoka guda 5 kacal za ka tarar a ciki masu siffar harshe, sassan haihuwarta ke nan, su ake ci. Biyar fa kawai. Sai ka lissafa guda nawa za a fasa kafin a rufe kwano ɗaya, kuma duk da hannu ake yi, a kwashe da ɗan cokali a tsince baƙin dattin da matsefata ɗaya bayan ɗaya, tsadar daga nan take.

Abu na farko lokaci. In Shakotan za ka je, wato yankin ƙasar nan da ya miƙa cikin teku yamma da garin Otaru, daga Yuni zuwa Agusta ne ake kamun ta, daga Sapporo tafiyar kamar awa 2 ce a mota. Tsibiran Rishiri da Rebun can arewa su ma lokacin zafi ne, nasu ya yi suna sosai saboda ganyen teku na kombu da take ci a wajen, don abin da ta ci shi kake ji a bakinka. Ka yi sammako don Allah. Masuntan da asuba suke fita a ƙananan kwale-kwale, mutum ya kifa fuskarsa kan wani akwati mai gilashi a ƙasa yana leƙen ruwa yana ɗebo su da doguwar sanda, ranar da teku ya tashi ba sa fita, kuma ko sun fita abin da aka samu shi ke nan, gidan abinci zai iya cewa ya ƙare tun kafin azahar. In ka tarar da layi ka duba bakin ƙofa, yawanci akwai takarda da za ka rubuta sunanka da yawanku. Wanda ba shi da halin zuwa can akwai kasuwar Sankaku kusa da tashar jirgin ƙasa ta Otaru, da kasuwar safe ta Hakodate, da Nijo a nan Sapporo.

Iri biyu za ka gani a takardar abinci. Murasaki kalarta fara-fara ce kamar kwanduwar ƙwan gidan gona, ɗanɗanonta sassauƙa, ba ta cika baki. Bafun kuma ja-ja ce kamar an ɗiga manja, ta fi zaƙi ta fi maiƙo ta fi tsada, kuma ita ce ke fara ƙarewa. In karon farko ne ni shawarata ka nemi kwanon da aka raba biyu, rabi wannan rabi wancan, ka fara da farar. Wani wurin maimakon farashi za ka ga an rubuta "jika", ma'ana kuɗin ranar ne ya danganta da kasuwa, kar ka ji kunya ka tambaya kafin ka yi oda, dubban yen ake magana.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Uni ba ta da juriya, da an cire ta take fara narkewa, shi ya sa wadda za a yi nisa da ita ake tsoma ta a ruwan alif, alam ɗin nan dai da muke sa wa ruwa ya kwanta, su suna ce masa myoban. Yana riƙe ta ta tsaya cas a jere kan ɗan katako gwanin sha'awa amma in ya yi yawa sai ya bar ɗaci da wani bauri a harshe. Karon farko da na ci a wani shagon sushi mai araha wallahi da ƙyar na haɗiye, na yi shekara ina cewa ba na so, sai da wani abokin karatuna ya matsa min muka je bakin teku aka kawo wadda aka fasa da safen nan, na sa a baki ta narke kamar ɓargo mai sanyi, da zaƙi da ɗan gishirin teku a ƙarshe, babu ƙarni ko kaɗan, na yi shiru na kasa magana. Saboda haka ka tambaya, ka ce "myoban nashi?" wato babu alif, ko ka nemi wadda aka rubuta "ensui", wadda aka ajiye cikin ruwan gishiri kawai. Gidajen da suka ƙware a kanta alfahari suke yi da wannan, za ka gani an manna a bango.

Maganar halacci kuwa, ita kanta halittar ruwa ce, a mazhabar Malikiyya ba ta da matsala. Abin lura su ne mahaɗan. Ana yawan sa mirin a girkinsu, shi kuma giyar shinkafa ce mai zaƙi, yakan shiga shinkafar sushi da ƙwan kifin ikura da ake jiƙawa da wainar ƙwai. Ka ce a ba ka "shiro gohan", farar shinkafa zalla. Shoyu ɗin ma, wato baƙin romon waken soya mai gishiri, wani akwai ɗan barasa a ciki, ni ɗan kwalbata mai tambarin halal nake sa wa a jaka. Uni ta kwalba da ake sayarwa a shagunan tsaraba kuma ka karanta jikinta da kyau, da yawa da barasa ake adana su.

To an kawo kwano. Ka goge hannu da ɗan jiƙaƙƙen tawul ɗin da aka ajiye maka, ka yi bismillah, su "itadakimasu" suke cewa. Lomar farko uni kaɗai, ba shoyu ba wasabi, koren yajin nan nasu, ba shinkafa, ka ɗora a harshe ka danna ta da ganda, ba sai ka tauna ba. Ta biyu ka haɗa da shinkafa, ɗumin shinkafar shi ke fito da zaƙin. Sai a ta uku ka zuba shoyu kaɗan a ɗan faranti ka ɗiga a daidai inda za ka ci, kar ka kwarara a kan kwanon gaba ɗaya, kuma don girman Allah kar ka cakuɗa kamar shinkafa da miya, ina ganin mutane suna yi raina yana ɓaci saboda sun kashe abin da suka biya, gishiri kawai za su ji. Wasabi ɗan mitsitsi ya isa, yana hawa hanci. In akwai busasshen ganyen nori ka naɗe loma ɗaya a ciki ka ji yadda take canzawa. In 'yan sandunan cin abincin sun ba ka wahala ka nemi cokali, ba wanda zai kalle ka, ɗaga kwano zuwa baki ma daidai ne a wajensu, abin da ba a yi shi ne soke sandunan a tsaye cikin shinkafa don na mamaci ake yi wa haka. Kar ka tsaya ɗaukar hoto minti goma, zafin shinkafar na narkar da ita.

Ɗanya ake ci, mai juna biyu da wanda abincin teku ke tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi gara su haƙura.

In ka gama a kanta ake biya bakin ƙofa, ba a barin ko sisi a tebur, ma'aikaciya za ta iya biyo ka waje ta maido maka. Ka riƙe tsabar kuɗi don ƙananan gidajen bakin teku ba duka ke karɓar kati ba. Ka ce musu "gochisosama", in da sauran rana kuma ka ƙarasa Kamui can ƙarshen Shakotan ka ga shuɗin ruwan da aka ɗebo ta.